Ƙanena ya wata bakwai a Kirikiri ba a fara shari'a ba: gyaran dokar beli zai fito da shi?

Tambaya: Assalamu alaikum Barista. Ina sayar da tumatir da tattasai a kasuwar Mile 12 da ke Legas. Ƙanena ɗan dako ne, 'yan sanda suka kwashe shi tare da wasu samari bayan an ƙwace wa wani mutum waya a bakin gada. Da aka kai su kotun majistare a Ogba, alƙali bai ko tambaye shi ya aikata ko bai aikata ba, sai ya ce a wuce da su gidan yarin Kirikiri. Yau wata bakwai ke nan, duk zaman da aka yi sai a ce ana jiran shawarar DPP. Na ji a rediyo 'yan majalisa suna muhawara kan gyaran dokokin beli da na hukunci. In an yi gyaran zai fito?

Amsa: Wa'alaikumus salam Malam, Allah Ya fito da shi lafiya. Kada ka zauna jiran majalisa. Dokar da za ta iya fito da ƙanenka tana nan tun tuni, abin da ya riƙe shi takardu ne da suka maƙale a tsakanin ofisoshi uku: caji ofis, ma'aikatar shari'a da ke Alausa, da kotu.

Fara da duba kalmar da aka rubuta a takardar tuhuma, domin a kanta komai ya rataya. A dokar manyan laifuffuka ta Jihar Legas, ɗaukar waya ba da ƙarfi ba sata ce, hukuncinta na asali shekara 3. In an ce an ƙwace ta da ƙarfi, ta zama fashi, shekara 21 ke nan zuwa sama. In ɗan sanda ya ƙara da cewa an ga wuƙa ko fasasshiyar kwalba a hannun wani daga cikinsu, magana ta koma fashi da makami, wanda hukuncinsa kisa ne. Majistare ba shi da hurumin sauraren irin wannan ƙara, shi ya sa bai tambayi ƙanenka komai ba. Ajiye shi kawai ya yi kafin ofishin DPP, wato daraktan gabatar da ƙararraki na jiha, ya karanta fayil ya faɗi ko akwai hujjar da za a kai babbar kotu. Kotun Ƙoli ta amince da irin wannan ajiya a 2007, a shari'ar Lufadeju da Johnson, wadda ita ma daga Legas ta taso.

Sai dai ajiyar tana da wa'adi. Sashe na 264 na dokar gudanar da shari'ar laifuffuka ta Legas ta 2011 ya ba majistare kwana 30 a karon farko, ya kuma yarda a ƙara wata ɗaya in an kawo dalili. Bayan nan majistare ya kamata ya aika wa Kwamishinan 'Yan Sanda da DPP takardar kira, su zo su faɗi abin da ya hana a saki mutumin. Takwararta ta tarayya ta 2015 ta fi wannan tsauri, kwana 14 take bayarwa a kowane zango. Wata bakwai ya wuce duka biyun nesa ba kusa ba. Abin da ke faruwa a zahiri shi ne, in babu lauyan da ya miƙe ya tuna wa kotu wannan sashe, sai a yi ta ɗage zama kamar an manta.

Ita kuma muhawarar da ka ji, ɓangare biyu ne suke jan igiya, kuma sun daɗe suna ja. Ɓangare na farko yana son a rage cunkoso. Hujjarsu ita ce kusan biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen gyaran hali a ƙasar nan jiran shari'a suke yi, ba a same su da laifi ba. Gidan yarin Ikoyi an gina shi don mutum 800, amma ya sha ɗaukar fiye da ninki uku na haka, kuma a can ne wutar lantarki ta kashe fursunoni biyar a watan Disamba na 2019. Daga wannan ɓangare aka samu dokar 2019 da ta sauya sunan hukumar gidajen yari zuwa ta gyaran hali, ta kuma tanadi hukuncin da ba na ɗauri ba, irin aikin gayya na share titi ko asibiti da sakin mutum bisa sa ido. A watan Maris na 2023 aka gyara kundin tsarin mulki yadda jihohi ma za su iya gina nasu gidajen. A ƙarshen shekarar ne Ministan Harkokin Cikin Gida, Olubunmi Tunji-Ojo, ya tara naira miliyan 585 don biya wa fursunoni 4,068 tarar da ta gagare su, abin da ke nuna maka yawan waɗanda talauci kaɗai ya zaunar a ciki.

Ɓangare na biyu yana son a tsananta hukunci, kuma shi ya fi samun tafi a zaure. A 2017 Legas ta yi dokar garkuwa da mutane, ɗaurin rai da rai, ko kisa in wanda aka sace ya mutu a hannu. A 2021 ta sa shekara 21 ga 'yan ƙungiyar asiri. A watan Mayu na 2024 Majalisar Dattawa ta amince da hukuncin kisa ga masu safarar miyagun ƙwayoyi, kafin daga baya a daidaita da Majalisar Wakilai a koma ɗaurin rai da rai. Ban ga laifin wanda aka sace wa ɗa in ya nemi tsanani ba. Amma akwai abin da masu wannan ra'ayi ba su cika faɗa ba: duk laifin da aka ɗaga hukuncinsa har ya wuce hurumin majistare, an fitar da shi daga hannunsa an tura shi layin DPP da babbar kotu, inda ƙanenka yake tsaye yanzu. Wanda ya aikata da wanda aka kwasa a bakin gada duk layi ɗaya za su bi. Sashe na 35 na kundin tsarin mulki ya ce wanda ya wata biyu a tsare ba a yi masa shari'a ba a sake shi, amma sashen da kansa ya cire wanda ake zargi da laifin da hukuncinsa kisa ne.

Ka kuma sani, ko yau Majalisar Tarayya ta gyara dokar 2015, kotunan tarayya da na Abuja za ta shafa. Shari'ar ƙanenka tana ƙarƙashin dokar jiha, majalisar dokokin jiha da ke Alausa ce mai iya taɓa ta, kuma gyaran da ta yi a 2021 shi ne ya hana 'yan sanda jera waɗanda ake zargi gaban 'yan jarida.

To, ga abin yi. Ka je wurin rajistaran kotun Ogba ka nemi kwafin takardar tuhuma da na umarnin tsarewa mai hatimi, ka rubuta lambar ƙarar a wuri biyu. Da wannan lamba lauya zai je ofishin DPP ya tambaya ko fayil ya iso. A nan ake yawan gano ɓarakar: ɗan sandan da ya yi bincike bai taɓa aika kwafin fayil ɗin ba, ko an yi masa canjin wurin aiki fayil yana kwance a durowa. DPP ba zai ba da shawara kan abin da bai gani ba, kotu kuma tana ta jiran DPP. In haka ne, lauya ya rubuta wa DPP da shugaban caji ofis ɗin wasiƙa, ya karɓi kwafi mai tambarin an karɓa, ya nuna wa majistare a zama na gaba. Sau da dama shawarar kan fito da cewa babu hujja, ko ta sauko da tuhumar zuwa sata, sai beli ya zama abin rana ɗaya.

Kada a tsaya nan. A lokaci guda a shigar da buƙatar beli a babbar kotu da ke Ikeja, da takardar rantsuwa mai bayyana ranar kamu, sana'arsa, inda yake kwana, da cewa ba a sami waya ko makami a hannunsa ba in haka ne gaskiya. Alƙalin babbar kotu yana iya ba da beli ko a laifin kisa in akwai dalili na musamman, kamar ciwo mai tsanani da likitan gwamnati ya tabbatar, ko jinkirin da ya wuce hankali. In babu kuɗin lauya, ofishin lauyoyin kare talakawa na Jihar Legas, OPD, kyauta yake aiki, haka ma Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta tarayya. Ka tambayi ƙanenka ko ya sa hannu ko dangwale a wata takarda a caji ofis, da wane harshe aka karanta masa. Dokar Legas ta ce bayanin amsa laifi a ɗauke shi a bidiyo ko a gaban lauya, kuma kundin tsarin mulki ya ba shi haƙƙin tafinta kyauta a kotu.

Inda mutanenmu suka fi faɗuwa shi ne bayan an ba da belin. Alƙali ya ce naira 500,000 da mutum biyu masu tsaya masa, sai dangi su bazama neman kuɗi. Wannan adadi yawanci ba biyansa ake yi ba, alkawari ne mai tsayawa yake sa wa hannu cewa zai biya in wanda ya tsaya wa ya gudu. Abin da kotunan Legas suka saba nema shi ne shaidar biyan haraji ga jiha, sau da yawa ta shekara uku, da katin shaida, hotuna, shaidar sana'a, da adireshin da ma'aikacin kotu zai je ya gani da idonsa. Ɗan kasuwar da ke juya miliyoyi a Mile 12 amma yana kwana a rumfa, ba rasit ɗin haya ba takardar haraji, kotu ba za ta karɓe shi ba. Tun yanzu ka nemo mutum biyu masu zaunannen gida a Agege ko Ketu, fadar Sarkin Hausawa kan san irinsu, su je ofishin haraji su gyara takardunsu. Mace ma tana iya tsayawa, doka ta hana a ƙi ta don tana mace. Ka guji masu shawagi a harabar kotu suna cewa a biya su su tsaya, domin in aka gano takardunsu na bogi ne belin zai rushe, wata sabuwar tuhuma ta biyo baya. In sharuɗɗan sun fi ƙarfinku, lauya ya nemi kotu ta sassauta, tun da doka ta ce kada su wuce kima.

Wataƙila a yi masa tayin ya amsa ƙaramin laifi a lissafa masa watannin da ya yi ya fito. Dokar Legas ta halatta wannan sulhu, amma a rubuce ake yinsa, da sa hannun mai gabatar da ƙara, kuma alƙali sai ya tambaye shi a fili ko da son ransa ya amsa. Wanda ya amsa ya zama mai tarihin laifi, abin zai fito duk ranar da ya nemi takardar shaidar hali daga 'yan sanda don aiki ko biza. Kada ya sa hannu sai lauyansa ya karanta fayil ɗin ya ga abin da ke ciki.