Ku Tambaye Mu: Karatun binciken laifuffuka a Amurka ko a gida?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ɗana ya gama sakandare, shekarunsa 18. Kawunsa da ke Amurka ya ce a turo shi kwalejin al'umma ta shekara biyu ya karanci harkar laifuffuka da shari'a, wai kuɗinta da sauƙi. Burin yaron shi ne aikin bincike a EFCC ko NDLEA. Mu sayar da filinmu mu tura shi? Daga wata uwa, Gangare, Jos.

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. A bar filin nan tukuna, a fara duba inda takardar za ta yi aiki.

Kwalejin da kawunsa yake nufi ƙaramin digiri take bayarwa, na shekara biyu. Abin da ake koyarwa kuwa dokokin laifi na Amurka ne, da tsarin mulkinta, da yadda 'yan sandanta da kotunanta da gidajen yarinta ke aiki. Ɗan ƙasar yakan ɗauki takardar ya nemi aikin ɗan sanda, ko ya wuce jami'a ya ƙara shekara biyu ya cike digiri. Ɗanki da bizar ɗalibi zai shiga, kuma yawancin rundunonin 'yan sanda na can ba sa ɗaukar wanda ba ɗan ƙasa ba. Sauƙin kuɗin ma na mazauna jihar da kwalejin take ne. Baƙo ya fi su biya, kuma bizar ba ta ba shi damar aiki sama da awa 20 a mako lokacin karatu, a cikin makaranta.

Idan ya dawo da takardar shekara biyu kawai, ba cikakken digiri ya kawo ba. Ba zai yi bautar ƙasa da ita ba, kuma mukaman manyan jami'ai takardar NYSC suke nema. Saboda haka duk wanda zai tura yaro ya yi lissafin shekara huɗu tun daga gida.

Ga shi kuma abin da kuke nema yana ƙofar gidanku. Jami'ar Jos tana da sashen nazarin laifuffuka da harkokin tsaro, shekara huɗu ta hanyar JAMB, da kiredit biyar a jarrabawar gama sakandare, har da Turanci da Lissafi. Jami'ar karatu daga gida ta NOUN, mai hedikwata a Jabi, Abuja, ita ma tana koyar da shi. Idan kaki yake so kai tsaye, ga Makarantar 'Yan Sanda ta Wudil a Kano: shekara biyar, a fito da digiri da mukamin ASP, wato mataimakin sufuritanda. 'Yan shekara 17 zuwa 22 take ɗauka, don haka yanzu ne lokacinsa.

Abin da iyaye da yawa ba su sani ba shi ne, hukumomin nan ba su ware wa masu wannan kwas gurbi ba. Suna ɗaukar masu digiri iri-iri, sannan su horar da su da kansu: EFCC a makarantarta ta Karu, NDLEA a tata da ke nan Jos. Aikin EFCC bin sawun kuɗi ne daga asusu zuwa asusu. A ganinmu yaron da ya karanci akanta ko kwamfuta ya fi dacewa da wannan teburin. Idan kansa na ja a lissafi, a ba shi wannan shawara.

Sai a gyara takardu tun yau. Abin da ke kayar da yara a tantancewa sau da yawa ƙaramin abu ne: Muhammad a takardar WAEC, Mohammed a katin NIN, ko shekarar haihuwa ta saɓa tsakanin takardu biyu. Akwai awon tsayi, da gwajin lafiya, da na ƙwaya. Kwalbar kodin ɗaya ta isa ta rushe wahalar shekara huɗu.

TAMBAYA: Ina da difloma. In na yi digirin nazarin laifuffuka zan iya zama lauya? Wani kuma ya ce in kawo kuɗi ya samo mini gurbi a hukumar gidajen gyaran hali. Daga wani matashi, Kubwa, Abuja.

AMSA: Ƙanena, ba za ka zama lauya da shi ba. Sai digirin shari'a, sannan Makarantar Lauyoyi, wadda hedikwatarta ke Bwari, kusa da kai. Diflomarka dai tana iya shigar da kai aji biyu na jami'a idan ta dace da kwas ɗin.

Kuɗin nan kada ka bayar. Hukumar CDCFIB ce ke ɗaukar ma'aikatan gidajen gyaran hali, da sibil difens, da shige da fice, da kashe gobara, ta shafinta na intanet, kuma kyauta ake cikewa. Da difloma a sahun sufeto za ka nema, da digiri a sahun sufuritanda. Ka yi rajista da lambar wayarka da imel ɗinka, ba na mai shagon kwamfuta ba, domin ta nan ake kiran jarrabawa.