Abin da ya sa muke zaman aji da furfura

Baffa, ka tambaye ni dalilin da ya sa mu masu aikin masana'antar ƙera motoci a nan Amurka ba a raba mu da makarantar dare, alhali ga albashi yana shigowa. Har ka tsokane ni cewa boko ya kama mu bayan furfura ta fito. Ranka ya daɗe, tsoro ne ya mayar da mu aji.

Na'ura ba ta korar mutum ranar da aka kawo ta. Sai kasuwa na ci kamfani ke da kuɗin sayenta, kuma a lokacin har roƙonmu ake mu ƙara awoyi. Ranar da ciniki ya ja baya, jama'a suka ɗaga sayen sabuwar mota (tsohuwa ai ana iya lallaɓa ta shekara guda), sai a sallami ma'aikata a ce na ɗan lokaci ne. Kasuwa za ta farfaɗo, amma kiran ba zai zo ba, domin layin da mutane ke walda a da, yanzu hannayen ƙarfe ke yi, 'yan tsiraru ne kawai ke lura da su.

Waɗanda suka riga mu zuwa sun ga haka a 2009, shekarar da kamfanonin motoci General Motors da Chrysler suka durƙushe sai da gwamnati ta tallafe su. A 1979 ma'aikatan masana'antun ƙasar nan sun kai wajen miliyan 19 da rabi. A 2010 ba su cika miliyan 12 ba. Ban ɗora wa na'ura laifin duka ba, ayyuka da yawa Sin da Meziko suka koma, kuma har gobe masana na gardama kan wanne ya fi ɓarna.

Shi ya sa duk sabon zuwa, hudubarmu gare shi ɗaya ce: kuɗin ƙarin awoyi baƙo ne, kada ya ci bashin gida ko na mota a kansu. Ya kuma koyi gyaran lantarki ko sarrafa na'urar nan tun ana yi da shi, don mai gyaranta ya fi daɗewa a bakin aiki.

Ni kaina a layin salansa nake, Baffa, motar lantarki kuwa ba ta da salansa. Ajin batir na shiga, Litinin da Laraba bayan isha'i.