Ruwan ganye zai iya kashe ciyawa a gona?

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Na ji ana cewa idan aka jiƙa ganyen turare ko na darbejiya aka fesa ruwan, ciyawa za ta mutu kamar an yi mata feshin magani. Gaskiya ne? Zan iya daina sayen maganin ciyawa?

Amsa: Wa alaikumus salam. Maganar tana da tushe, amma kada ka yi saurin jingine fartanya.

Ka taɓa lura da gindin bishiyar turare? Fayau yake, sai busassun ganye jibge, ciyawa tsilli-tsilli. Inuwa da shanye ruwa suna da hannu, amma har da sinadaran da ke fita daga ganyen, masu hana irin wasu tsirrai tsirowa. Masanin tsirrai ɗan Ostiriya, Hans Molisch, shi ya raɗa wa wannan hali suna alelofati a 1937.

Har maganin kanti an samu ta wannan hanya. A 1977 wani masani a Kalifoniya ya ga ciyawa ba ta yabanya a ƙarƙashin wata bishiyar ado da ake kira Callistemon. Aka gano sinadarin da ke aikin, sai dai ƙarfinsa bai kai a fesa a gona ba. Sai da aka shafe shekaru ana sarrafa shi kafin maganin Callisto na gonar masara ya fito a 2001.

Aikin da ya fi kusa da tambayarka shi ne na jami'ar noma ta Faisalabad a Pakistan. Sukan daddatsa busasshen karan dawa da ganyenta, su jiƙa kilo 1 cikin lita 10 na ruwa awa 24, su tace, su fesa a gonar alkama. Ciyawa takan ragu, amma galibi ragin ba ya wuce rabi. Inda abin ya fi armashi shi ne da suka haɗa ruwan da rabin maganin da aka saba zubawa: sakamakon ya yi kusa da na cikakken feshi. A ganina nan amfanin yake, wato rage magani, ba maye gurbinsa ba.

Me ya sa rahotannin bincike ke zuzuta abin? Yawancinsu a ɗakin gwaji aka yi su. A shimfiɗa takarda cikin ɗan faranti, a jera irin latas, a ɗiga ruwan ganye mai kauri, iri ya ƙi tsirowa. Gona ba faranti ba ce. Ƙwayoyin halittar da ke cikin ƙasa suna narkar da sinadarin, rana ta lalata wani, ruwan sama ya wanke saura. Ƙarfin ruwan kuma yakan bambanta gwargwadon shekarun bishiya da lokacin da aka tsinko ganyen.

Ga ciyayi masu saiwa a zurfi irin su jiji, kiri-kiri da tofa. Ko saman ya yi yaushi, ƙasan na nan da rai, kwana kaɗan su sake tohowa. Sannan ruwan bai san shuka ba, bai san ciyawa ba; idan ya yi kauri zai iya tsumburar da abin da ka shuka. Ita kuwa darbejiya, a kan ƙwari ta yi suna, ba ciyawa ba.

In kana son gwadawa, ware kunya uku. Fesa wa ɗaya ruwan ganye zalla, ta biyu ruwan ganye da rabin magani, ta uku ka bar ta haka. Yi feshin tun ciyawa na da ganye biyu zuwa huɗu, ranar da babu hadari, ka maimaita bayan mako biyu. Sai ka ƙirga ciyawar kowace kunya, ka kuma duba ko shukarka ta yi ja ko ta tsaya da girma.