Amsa ga Hajiyar da ke neman mai jawabi don taron diloli

Wa alaikumus salam, Hajiya. Kin ce kamfaninku na sayar da taki da iri da maganin feshi, za ku yi taron shekara na dilolinku a Kano cikin watan Janairu, mutum kamar 300, kuma an ɗora miki nemo babban baƙo mai jawabi. Kina tambayar yadda ake zaɓe, da maganar kuɗi, da abin da ake kiyayewa.

Kafin ki kira kowa, ki raba kujeru biyu da mutane kan haɗa su wuri guda. Akwai baƙo na musamman, kamar kwamishina ko basarake ko shugaban ƙungiyar 'yan kasuwa, wanda zuwansa ke ƙara wa taro kwarjini. Shi ba a sa masa farashi, ba a kuma tsare shi da lokaci. Yana iya zuwa a makare, yana iya turo wakili ya karanta takarda ta minti biyar ya tafi. Akwai kuma mai jawabi, wanda aiki kuka ɗauke shi ya yi. Idan kika haɗa wa mutum ɗaya kujerun nan biyu, duk ranar da Gwamna ya kira shi to taronku ba shi da jawabi. Ki gayyaci manya don girmamawa, amma jawabin ki ba wanda za ki iya zama da shi ku rubuta sharuɗɗa.

Sannan ki koma wurin shugabanki na aiki ki tambaye shi abu ɗaya: idan dilolin nan sun koma shagunansu, me yake so su canja? Su rage bayar da bashi barkatai? Su riƙa gane jabun maganin feshi? Su iya yi wa manomi bayanin yadda ake auna magani a cikin famfon feshi mai lita 16? Amsar ita za ta nuna miki ƙofar da za ki ƙwanƙwasa. In maganar ilimin kaya ce, Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru da NAERLS, cibiyar wayar da kan manoma ta ƙasa, duk suna Zariya ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, ga Cibiyar Noman Tsandauri ta Jami'ar Bayero, ga ofishin IITA, cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa, a nan Kano. In maganar bashi da riƙon kasuwanci ce, gogaggen ɗan kasuwa ko tsohon ma'aikacin banki da ya yi harkar bashin noma zai fi farfesa amfani. Masu jawabin ƙarfafa gwiwa suna sa a yi tafi, amma dilan da ya baro shagonsa a Bichi ko Dambatta ya wuni a zaure yana son abin da zai koma da shi.

Harshe kuma kada ki yi sakaci da shi. Yawancin dilolin nan da Hausa suke ciniki, da ita suke lissafi. Mai jawabin da zai yi minti arba'in yana zuba Turanci, kafin ya kai rabi za ki ga layin baya sun sunkuyar da kai kan wayoyinsu, wasu sun fita amsa kira ba su dawo ba. Tafinta na ninka lokaci, yana kuma kashe armashin magana. Ki nemi wanda zai yi da Hausa ya riƙa sa Turanci inda ya zama dole, kamar sunayen sinadarai.

Ki fitar da suna uku, kada ki tsaya kan ɗaya. Kowanne ki nemi bidiyon jawabinsa cikakke, ko da na minti ashirin ne, wanda ba a yanka ba. Guntun minti ɗaya da ake sawa a Facebook da TikTok an tace shi ne, ba ya nuna ko mutum zai iya riƙe zaure. Ki kuma karɓi lambar wurare biyu da ya yi wa jawabi kwanan nan ki kira su: ya zo a kan lokaci? Ya tsaya kan batun? Ya ɓullo da wata buƙata ranar taro? Wata uku kafin taro ya kamata a fara wannan. Malamin jami'a ko ma'aikacin gwamnati zai buƙaci wasiƙar gayyata a kan takardar kamfani don ya nemi izini a wurin aikinsa, wannan ma yana cin makonni.

Maganar kuɗi ba ta da ƙayyadadden farashi, suna da nisa da yawan neman da ake yi wa mutum su ke yanke shi. Abin da ke hannunki shi ne ki rarrabe komai: ladan jawabi daban, tikitin jirgi daban, otal da abinci da motar ɗauko shi daban. Ki tambaya tun farko ko shi kaɗai zai zo, domin wasu sai da mataimaki da mai ɗaukar hoto, sai ki wayi gari da ɗaki uku da tikiti uku. Tsarin da ya fi kwanciyar hankali shi ne rabi bayan sa hannu, rabi ranar taro da zarar ya sauka daga mumbari. Ki tura kuɗi asusun da ke ɗauke da sunansa ko na kamfaninsa kawai, bayan kin ji muryarsa da kunnenki. Akwai masu shigar burtu da sunan mataimakan fitattun mutane, su karɓi kafin alƙalami su kashe waya.

Ki shigo da akantanku tun kafin a yi ciniki. Idan mutum kuke biya, kamfaninku zai cire harajin da ake riƙewa daga tushe, kashi 5 cikin 100, ya miƙa wa hukumar haraji ta jihar da mutumin yake zaune. Idan ta kamfaninsa ya turo takardar biya, zai iya ɗora harajin VAT na kashi 7.5. Rigima takan tashi ne in ya ga alat bai cika ba, don haka a rubuta ko kuɗin da aka ambata kafin cire haraji ne ko bayansa.

Yarjejeniyar ba sai ta yi tsawo ba, shafi biyu sun isa. A sa rana da wuri da sa'ar da zai hau mumbari, batun da harshen, da tsawon jawabi: minti 35 zuwa 40, sai minti 15 na tambayoyi. A rubuta ɓaro-ɓaro cewa ba a yarda da wakili ba, in ya fasa zai maido da abin da ya karɓa cikin kwanaki kaza, in ku kuka ɗage me zai riƙe. A hana shi siyasa, da sukar wani kamfani da suna, da tallan littafinsa ko kwas ɗinsa daga kan mumbari sai da izininku. In kuna son naɗar jawabin ku sa a YouTube ko ku tura wa diloli ta WhatsApp, a nemi yardarsa a rubuce. Ki kuma tambaye shi ko yana yi wa abokan hamayyarku aiki.

Tunda Janairu kika ce, wannan ki riƙe shi da kyau: lokacin hazo ne, jirage zuwa filin Malam Aminu Kano kan yi jinkiri na sa'o'i, wani lokaci a soke tashi ɗungurungum. Duk wanda zai taso daga Legas ko Abuja ya kwana a Kano, kada ki yarda da jirgin safiyar taro ko da shi ya nace. Ki tanadi wani na gida, ko babban jami'inku ne, da jawabinsa a shirye.

Mako biyu kafin taro ku yi waya ta rabin sa'a da shi da shugabanki na aiki. Ku gaya masa su wane ne za su zauna a gabansa, daga waɗanne garuruwa, me ya dame su bana, me ba a so a taɓo. Ya turo allunan da zai haska kwana uku kafin ranar, rubutu manya, domin na bayan zaure ba ya ganin ƙananan lambobi.

Ranar taro a sa jawabin tsakanin ƙarfe 11 da 12 da rabi, kafin Azahar da abinci. Bayan an ci shinkafa barci ke kama mutane, wasu ma sun kama hanyar gida. Ki guji Juma'a. Ki ja wa mai gabatarwa kunne kan gaishe-gaishe da jawaban fatan alheri, su ne ke cinye lokacin mai jawabi har a ce masa ya taƙaita abin da kuka biya kuɗi a kansa. Tarihin mai jawabin minti biyu ya isa, shi zai rubuto muku. A tayar da janareta tun kafin ya fara, domin in aka ɗauke wuta na'urar haska bango sai ta ɗauki lokaci kafin ta dawo. A sa sabon batir a makirufo, a ajiye na hannu guda biyu don masu tambaya, a gwada wayar HDMI, mai haɗa kwamfuta da na'urar haska bango, da kwamfutarsa tun da safe. Wani ya zauna a layin gaba da kwali biyu, ɗaya an rubuta "saura minti 10", ɗaya "saura minti 3", kuma ki sanar da mai jawabin tun a otal cewa za a ɗaga masa su.