Amsa ga ɗan'uwana na Kano kan ramin kifi da zaman bakin Tafkin Volta

Assalamu alaikum, ɗan'uwa. Bayan gaisuwa da tambayar lafiyar iyali da ta su Hajiya, na ga ya dace in amsa maka a fili, domin ba kai kaɗai ba ne daga cikin mutanen gida ke yi mana wannan tambaya. Ka ce tun da ka gina kwamayen tarwaɗa a bayan gidanka ka samu rufin asiri, ruwanka yana hannunka, kifinka a ƙirge yake, ƙofarka kuma a kulle, saboda haka ka kasa gane dalilin da ya sa mu Hausawan Kete Krachi a ƙasar Gana muke zaune a bakin ruwan da ba namu ba, muna jiran abin da masuntan wasu ƙabilu za su kamo, alhali kowannenmu zai iya haƙa ramin kifinsa ya huta. A ƙarshen saƙon kuma ka ɗora wata tambayar, wadda nake zaton ita ce ta fi damunka, wato ko 'ya'yanmu har yanzu Hausawa ne, tunda ka ji ƙanena ya auri 'yar ƙasa. A wurinka tambayoyi biyu ne, amma a nan ba a iya raba su.

Tafkin nan a zaune ya same mu. Kakanninmu fataken goro ne a hanyar Gwanja, kuma da yaƙin basasa ya watsa kasuwar Salga a 1892, da yawansu suka gangaro Kete, zangon da ke daura da garin mutanen Krachi a bakin kogin Volta. Cikinsu har da Alhaji Umaru, malamin nan da aka haifa a Kano, wanda ya yi limanci da karantarwa a Kete har Allah ya karɓi ransa a 1934. A wancan zamani kogi ne kawai, ana haye shi da kwalekwale. Sai gwamnatin Kwame Nkrumah ta fara gina madatsar Akosombo a 1961 ta gama a 1965, ruwa ya taru ya rufe ƙasa mai faɗin kusan murabba'in kilomita 8,500, ya tashi mutane kimanin 80,000, aka zuba su a sababbin matsugunai 52. Tsohon Kete, da kasuwarsa da maƙabartarsa, yana ƙarƙashin ruwan da kake cewa mu ƙaurace masa. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, yakan ba mu labarin gidan da aka ba su a sabon gari, ɗaki guda da rufin kwano, babu katanga babu zaure, kuma kafin ya ƙara ko da ɗaki ɗaya na kwana sai da ya fara gina zaure, domin ya ce ba zai yarda baƙo ya yi sallama a kan matan gida ba. Mutanen Busa da na Yawuri da madatsar Kainji ta tasa a 1968 za su fi kowa gane abin da nake faɗa.

To, ramin kifi fili yake bukata, kuma a nan ne lissafinka na Kano ya saɓa da namu. Kai filinka gado ne ko saye, ka kewaye shi, ba ka neman izinin kowa. A Gana mafi yawan ƙasa tana hannun sarakunan gargajiya da dangogi, kuma a yankinmu tana ƙarƙashin Krachiwura, wato sarkin Krachi, da hakimansa. Sarkin Zango yana sasanta rigima yana wakiltar jama'arsa, amma ba shi da ƙasar da zai raba sai wadda masu gari suka ba shi. Tsarin mulkin 1992 ya hana sayar da ƙasar sarauta sayarwa ta har abada, haya ce ta shekaru ake yi, wanda ba ɗan ƙasa ba kuwa ba a ba shi fiye da shekara 50. Mu 'yan ƙasa ne, a nan aka haifi iyayenmu, amma duk sa'ad da aka zo wata maganar takarda sai an tambaye mu ainihin garinmu, idan muka ce Kete sai a yi murmushi a sake tambaya. Dattawanmu kuma ba su manta da 1969 ba, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fita, mutane suka yi gwanjon gidaje da shaguna a kan abin da bai taka kara ya karya ba. Kakanka yana cikin waɗanda suka koma gida a wannan guguwa, nawa ya tsaya, shi ya sa yau kake rubutowa daga Kano nake amsawa daga nan. Waɗanda suka tsaya sun koyi ajiye dukiya a abin da ake iya ɗauka ko sayarwa da wuri, kamar jirgin ruwa da inji da jarin kasuwa, kuma zuba kuɗi a ramin da ba ya tashi, a kan ƙasar da wani zai iya cewa ta kakansa ce, abu ne da har yau gabansu ke faɗuwa a kansa.

Ko da an sami filin, gaɓar tafkin ba ta da amana. Ƙasar bakin tafki da tsayinta daga saman teku bai kai ƙafa 280 ba tana hannun hukumar kogin Volta, ruwan kuma yana hawa yana sauka tsakanin ƙafa 240 da 278 gwargwadon damina da bukatar wutar lantarki. Wanda ya haƙa rami kusa da ruwa da rani zai iya wayar gari a watan Oktoba ya tarar tafki ya haɗiye ramin da kifin da ke ciki. A 2023 ruwa ya cika har hukumar ta buɗe ƙofofin madatsar daga 15 ga Satumba, ambaliya ta ci Mepe da garuruwan da ke ƙasa da Akosombo, mu na sama kuma ruwa ya shigo gonaki da gidajen da ke bakin gaɓa. Idan kuwa mutum ya ja da baya zuwa tudu, sai ya haƙa rijiyar burtsatse ko ya sayi injin jawo ruwa, ya riƙa sayen mai domin ya sami abin da ke shimfiɗe a gabansa iya ganinsa.

Sai maganar kasuwa, wadda ita ce ta fi hana mutane. A Kano ruwa yana da tsada, kifi kuma daga nesa yake zuwa, daga Tiga ko fadamar Haɗeja da Nguru ko bandar Baga, don haka mai kwami yana da masu saye a ƙofar gidansa. A nan kifin da ka ciyar da abincin buhu, wanda shi kaɗai yakan cinye kusan kashi biyu cikin uku na kuɗin kiwo, zai shiga kasuwa ɗaya da kifin da babu wanda ya ciyar da shi sai Allah. Mutanen ƙasar kuma karfasa suka fi so, a gasa ta a ci da banku, tuwonsu na masara mai tsami, tarwaɗa kuwa yawanci sai an yi bandarta take tafiya. Masu kiwon karfasa da gaske a cikin tafkin suke yi, a keji mai yawo a kan ruwa, musamman can wajen Akosombo inda ruwa ke da zurfi, bayan sun bi hukumomin ruwa da na muhalli da na kifi sun karɓi izini. Su ma ba su tsira ba, domin cutar da ta ɓulla a ƙarshen 2018 ta kashe musu kifi mai yawa, ƙananan masu keji da dama ba su sake tashi ba.

Ka kuma yi mana kallon masu zaman jira, alhali sana'ar kakanni muke yi, kaya ne kawai ya canja daga goro zuwa kifi. Masu shiga ruwa galibi mutanen Ewe ne na Tongu da mutanen Ada da Fante, waɗanda suka biyo kifi bayan an tare kogin. Mu ne masu masauki da dillalai, mu ke ba masunci bashin koma, wato ragar kamun kifi, ko na inji ya biya da kamu, matanmu su yi banda, mu ɗaure kwanduna mu tura Kumasi da Techiman da Ankara, babban birnin ƙasar. Duk wanda ya ga kasuwar kifi ta Yeji, wani gari a bakin tafkin, ranar cikarta ya san da wane harshe ake ciniki. Wannan aiki ba ya yiwuwa daga bayan katanga, sai mutum yana bakin ruwa da asuba lokacin da jirage ke isowa, ya san wane masunci ne matarsa ta haihu, wane ne injinsa ya lalace.

Tafkin yana da nasa sharrin, kuma mu muka fi kowa saninsa. Dajin da ruwa ya rufe ba a sare shi ba, kututturan itatuwa suna nan tsaye a ƙarƙashi, suna yaga koma suna fasa jirage, musamman idan ruwa ya ja baya ko iskar farkon damina ta taso a kan jirgin da aka yi wa lodi fiye da kima. Ƙanwar mahaifiyata ta rasa ɗanta a irin wannan hatsari yana dawowa daga cin kasuwa, kuma har ta rasu ba ta sake shiga jirgi ba, ko da za ta Dambai, garin da sai an haye ruwa ake isa, sai dai ta haƙura. Tsargiya ta yi yawa a ƙauyukan gaɓa tun da ruwa ya tsaya ciyawa ta samu wurin zama, har ana raba wa yara magani a makarantu. Akwai kuma yaran da ake kawowa daga nesa ana sa su nutso su kwance komar da ta sarƙe, abin kunya ne ga duk mai cin abinci daga wannan ruwa, kuma ni dai ba na ba da bashi ga mai jirgin da na ga ƙananan yara a cikinsa. Saboda haka idan wani a cikinmu ya ce ya gaji da tafki yana son ruwan da zai iya aunawa, ba na ganin laifinsa.

Ƙanena ne ya faɗi haka, kuma shi kaɗai ne a gidanmu yake da ramin kifi, irin abin da kake yi mana fata. Filin da ya haƙa, mai ƙasar yumɓu a gefen wani rafi da ba ya ƙafewa da wuri, dangin matarsa ne suka ba shi, wato matar nan 'yar Krachi da ka yi tambaya a kanta. Da ni na je neman wurin da kuɗina a hannu, da an yi ta kai ni ana kawo ni, amma shi kawun matarsa ne ya kai shi gaban dattawa ya ce wannan mijin 'yarmu ne, 'ya'yansa jikokinmu ne. Yana zuba tarwaɗa ta yi wata biyar zuwa shida, ya kwashe a lokacin da kamun tafki ya yi ƙasa, matarsa ta yi banda. Guza da tsuntsaye suna yi masa ɓarna, amma ɓarawo bai taɓa shiga ba ko da yake babu shinge, domin surukansa su ne katangarsa. Abin da ya biya shi ne nisa da zango, sallar asuba a gida yake yi, Juma'a sai ya hau babur. Matar ta musulunta kafin aure, ta fi wasu 'yan zango kiyaye azumin nafila, mahaifiyarta kuwa tana zuwa coci, kuma ranar suna ita ce ta fara isowa da doya da kaji. Ba mu ga abin ɓoyewa a cikin wannan ba.

Ina kuma tuna maka cewa kakar iyayenmu, wadda jininta ke jikinka kamar yadda yake jikina, Bagwanjiya ce da aka auro a Salga, kuma ban taɓa jin an ce kai ba Bahaushe ba ne saboda ita. A cikin birnin Kano akwai Zangon Barebari da Tudun Nufawa da Agadasawa da Ayagi, sunayen kawai sun isa su faɗa maka daga ina kakannin mazaunansu suka fito, kuma yau babu mai tambayarsu takardar zama Hausawa. Na san kuna yi wa Hausarmu dariya, kuna cewa ba mu bambanta mace da namiji a magana, muna kuma cusa Turanci da harshen Tonawa, wato mutanen Ashanti. Akwai gaskiya a ciki, ko da yake na saurari samarin Kano a waya na ji nasu Turancin bai gaza namu ba. Amma wannan Hausar da kuke rainawa ita ce Dagomba da Kotokoli da Zabarmawa da Mosawa suke haɗuwa a kanta a kowane zango daga Bawku har bakin teku, da ita ake tafsiri da azumi, kuma babban limamin ƙasar, Shaihu Usman Nuhu Sharubutu, da ita yake yi wa jama'a nasiha. 'Ya'yan ƙanena suna jin Hausa da Krachi da harshen Tonawa da Turanci, babbar ta kusa sauke Alƙur'ani, kuma idan ka shigo gidan za su durƙusa su gaishe ka. Abin da ke yi mana ciwo shi ne idan mun zo Kano a ce ga 'yan Gana sun iso, idan mun dawo nan kuma wani ya ce mu koma Najeriya, kuma na farkon ya fi zafi domin daga bakin dangi yake fitowa.

Ni kam ina nan bakin ruwa, domin jarina yana cikin jiragen mutane, masaukina kuma ba ya rabuwa da baƙi, kuma shekaruna sun wuce na fara koyon auna abincin kifi da cokali. Abin da nake tunani shi ne in kafa ƙaramin tankin tamfol a tsakar gida domin rainon 'ya'yan kifi, tunda ƙanena daga nesa yake sayo su, da yawa kuma sukan mutu a hanya saboda zafi da jiran fito a Dambai. A nan ne muke bukatar iliminka, domin a harkar tarwaɗa kun riga mu nisa. Ya ce in tambaye ka yadda kuke rage mutuwar ƙananan kifi a lokacin hunturu, da kuma ko haɗa abinci a gida da waken soya da masara da garin kifi yana kai su girman da na buhu ke kai su. Ka rubuto masa kai tsaye da Hausa, ka kuma bayyana ma'aunin dalla-dalla, domin matarsa ce ke riƙe da littafin lissafin ramin, ita ce za ta karanta. A gaida su Hajiya da yara.