Sabon malami ba ya karɓar gyara, yaya zan yi?

Malam, ka ce kai ne shugaban wata makarantar firamare a Maiurno da ke ƙasar Sudan, kuma duk sanda ka yi wa sabon malaminku gyara sai ya ɗaure fuska, gobe ya maimaita abin da ya yi jiya.

Ina ganin kana riga shi magana ne. Bayan darasi ku keɓe ku biyu, a kawo shayi, ka tambaye shi: "Ina ne ya fi ba ka wuya yau?" Sannan ka yi shiru. Shirun nan yana da wuya, ni ma na daɗe kafin na iya shi. Mary Budd Rowe, wata mai bincike a Amurka, ta gano malamai kan jira kusan daƙiƙa 1 bayan sun yi tambaya, alhali jiran daƙiƙa 3 yana sa amsa ta yi tsawo da ma'ana. A kan yara ta yi binciken, amma na ga yana aiki ga manya.

Idan ya gama, mayar masa da abin da ka ji: "Wato yaran da ke Hausa a gida ba sa gane Larabcin littafin?" In ya ce haka ne, ku zaɓi gyara ɗaya tak, ka koma ajinsa bayan mako guda.