Ko ragon da zan sayo a Kara zai iya shiga gasa da sunan ɗana?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Ni mazaunin Mabera ne a cikin birnin Sakkwato. Ƙungiyar matasan manoma ta makarantar su yarona, mai shekara 13, tana shirya gasar nuna dabbobi ta ɗalibai nan da wata huɗu. Yana da ɗan ragon Uda da yake kiwo tun bayan babbar sallah, amma bai yi girman a zo a gani ba. Niyyata ita ce idan saura mako biyu in shiga kasuwar Kara in sayo masa ƙosasshen Balami ya shiga da shi. Shin ƙa'ida ta yarda da haka? Ƙanwarsa mai shekara 9 ma tana da jar akuya, kuma ta nace sai ta shiga. Me ake bukata daga gare su?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Shawarata ita ce ka bar kuɗin Balamin nan a aljihunka, domin a duk gasar matasa da aka tsara yadda ya kamata, ragon da aka sayo saura mako biyu bai cancanci shiga ba, ko da kuwa ya fi kowane rago a filin tsayi da ƙiba. Abin da ake aunawa a irin wannan gasa shi ne aikin yaron, wato yadda ya ciyar da bisarsa, ya shayar da ita, ya tsabtace makwancinta, ya kuma lura da lafiyarta tsawon watanni. Wanda ya yi wannan aikin a kan Balamin Kara wani makiyayi ne da ba mu san shi ba, kuma idan aka ba ɗanka kyauta a kansa, an ba shi ladan gumin wani ke nan.

Masu shirya kowace gasa su ne ke rubuta sharuɗɗanta, saboda haka matakin farko shi ne ka je wurin malamin da ke kula da ƙungiyar ka nemi ya ba ka su a rubuce. Amma akwai ginshiƙan da kusan duk inda wannan al'ada ta kafu aka haɗu a kansu, kuma a Amurka ne aka fi tsananta su, inda ƙungiyoyin matasan manoma biyu, 4-H da FFA (wadda aka kafa a 1928), suka daɗe suna gudanar da gasannin yara. A can, yawanci ana karɓar yaro daga shekara 8 zuwa 18, kuma ana ƙirga shekarunsa ne daga wata rana guda da aka tsayar ga kowa, sau da yawa 1 ga Janairu, don kada a tsaya jayayya ranar gasa. Akwai kuma ranar da dole ne dabba ta riga ta zama mallakin yaron kuma tana hannunsa. Ga tumaki da awaki wannan kan kasance wata biyu zuwa uku kafin gasa, ga shanu kuwa ya kan kai wata biyar ko fiye. A ranar rajistar ana sa wa dabbar lamba a kunne, a auna nauyinta, wasu wuraren har su ɗauki shatin hancinta ko su tsige 'yan gashi don gwajin ƙwayoyin halitta, duk don kada a musanya ta da wata daga baya. Ka ga dabarar da ka yi tunani ba sabuwa ba ce. Iyayen can ma sun gwada ta, shi ya sa aka toshe ƙofar da irin wannan ƙarfi. Mu a nan ba ma bukatar duk waɗannan kayan aiki. Lambar kunne, da hoton yaro riƙe da dabbarsa ranar rajista, da ziyarar malami gida sau ɗaya ko biyu ba tare da sanarwa ba, sun wadatar.

Game da ƙanƙantar ragon nasa da ke damunka, ina ganin ka ɗauka cewa za a jera duk raguna wuri guda a zaɓi mafi girma, kamar yadda mai sayen ragon layya yake yi. Gasa mai adalci tana raba dabbobi gida-gida bisa iri, da jinsi, da shekaru. Balami, wanda yake fari fat, mai dogayen kunnuwa da lanƙwasasshen hanci, shi ne mafi girman tumakin ƙasar nan, don haka ba a haɗa shi da Uda, balle 'Yankasa. Shi Uda ana duba shi ne a kan siffar Uda: gaban jiki baƙi ko ja, bayan jiki fari, rabuwar launin a fili take, ga tsayin ƙafa da miƙaƙƙen baya da cikar cinya. Shekaru kuwa alƙali ba ya dogara da faɗar mai dabba, baki yake buɗewa. Rago ko akuya kan zubar da haƙoran nono biyu na tsakiya su fitar da manya tsakanin shekara ɗaya da shekara ɗaya da rabi, saniya kuma sai wajen shekara biyu ko sama da haka. Wannan ba baƙon ilimi ba ne ga Basakkwace, tunda da shi muke tantance dabbar da ta isa layya. Idan ragon ɗanka bai fitar da manyan haƙora ba, da tsararrakinsa zai kara, kuma wata huɗu na harawar wake, da dusa, da ɗan angurya, da ruwa mai tsabta, bayan an ba shi maganin tsutsar ciki, za su sauya shi har ka yi mamaki.

Sharaɗin lafiya shi ne wanda ba na son a yi wa sassauci ko kaɗan, domin filin gasa wuri ne da dabbobin gidaje daban-daban ke shaƙar numfashin juna. Cutar da na fi tsoro ga tumaki da awaki ita ce wadda likitoci ke kira PPR, mai zuwa da zazzaɓi, da majina, da gyambon baki, da zawo, wadda kan share garken awaki cikin 'yan kwanaki, kuma hukumomin duniya sun sa 2030 a matsayin shekarar da suke fatan kawar da ita. Rigakafinta yana nan, Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom tana yin sa, kuma allura ɗaya tana ba da kariya ta aƙalla shekara uku. Sai dai jiki na bukatar lokaci kafin kariyar ta kankama, don haka a yi allurar mako uku ko fiye kafin ranar gasa, kada a bari sai ana gobe. Wannan ma wani dalili ne da ya sa ragon kasuwa na mako biyu yake da haɗari: ya fito daga cunkoson dabbobin da suka zo daga wurare masu nisa, wasu ta Illela daga Nijar, kuma zai iya ɗauke da cuta alhali bai fara nuna alama ba. Ka kai dabbobin biyu asibitin dabbobi na gwamnati, ko asibitin koyarwa na likitancin dabbobi na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, a duba su a ba ka takardar shaida. Dabba mai tari, ko zawo, ko ƙazuwa, ko kaska, ko ƙurji, a ƙofa ake mayar da ita.

Akwai wani abu da ya zama ruwan dare a wajen wasu masu kiwon turke, wanda ya kamata in faɗa maka a fili. Ana ba dabba maganin dexamethasone ko makamancinsa don ta kumbura ta yi sheƙi, ko a ɗura mata ruwan gishiri da kanwa ana gab da nuna ta don cikinta ya cika. Wannan maguɗi ne, kuma yana sa a kori dabba daga gasa. Shi maganin yana raunana garkuwar jikin dabbar, yana kuma iya sa mai ciki ta yi ɓari. Ko maganin da likita ya rubuta bisa larura yana da kwanakin da dole a jira kafin a ci naman dabbar ko a sha nononta, kuma a rubuce suke a jikin kwalbar. A manyan gasannin Amurka ana gwada fitsarin dabbobin da suka yi nasara, kuma an sha ƙwace kyauta saboda haka. Ka sa yaron ya riƙe ɗan littafi yana rubuta abincin da ya bayar, da kuɗin da aka kashe, da ranar kowace allura. Alƙalai da yawa suna neman ganin wannan littafin.

Ita kuma 'yar taka, shekara 9 ta isa shiga rukunin ƙanana a mafi yawan tsare-tsare, kuma ba a hana 'ya mace. Abin da za ka tambaya shi ne ko gasar ta ɗaliban makarantar ce kaɗai ko an buɗe ta ga ƙannensu. Ni kam da za a tambaye ni, da na ce a bar ta, domin kiwon awaki a gidajenmu tun asali a hannun mata da 'yan mata yake, kuma jar akuyar Sakkwato ba ƙaramar dabba ba ce: fatarta ce fatake suka riƙa ƙetare hamada da ita har Turawa suka san ta da sunan fatar Maroko. Alƙali zai duba ko launinta ja ne mai duhu bai ɗaya ba tare da dabbare-dabbare ba, gashinta gajere mai sheƙi, hantsarta lafiyayya, ƙafafunta a miƙe. Idan tana da tsohon ciki, a bar ta a gida.

Ranar gasa yaro ne zai ja dabbarsa da kansa ya shiga fili, uba yana waje. Akwai ma rukunin da ba a duba kyawun dabbar sam, sai iya riƙon yaron da amsoshinsa: me take ci, nawa ne shekarunta, yaushe aka yi mata rigakafi, me za ka yi idan ta ƙi cin abinci. A nan ne ragon Kara zai tona asiri, domin bai san muryar ɗanka ba, zai yi ta fizge-fizge, yaron kuma ya rasa amsa a gaban abokansa. Su fara tun yanzu, kullum da la'asar sakaliya su sa wa dabbobin igiya su zaga da su na 'yan mintuna, su koya musu tsayawa cak, su saba musu da a taɓa bakinsu da ƙafafunsu. Bayan an dawo daga gasar kuma, a turke su nesa da sauran bisashen gida har mako uku, da kwanon abincinsu da na ruwansu daban, kafin a sake haɗa su.